Zauren Masu Karatu: In Tattara In Koma Garwa, Ko In Ƙara Haƙuri A Duwala?

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. Ni ɗan Garwa ne, a arewacin Kamaru, haifaffen unguwar Hausare. Shekarata 17 ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kongo ta Duwala, ina haya a New Bell da matata da yara biyar. Mahaifinmu ya rasu bara waccan, ya bar mu mu bakwai da gida ɗaya, ba a raba ba tukuna. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kullum muka yi waya sai ta ce in dawo. Kayan da ke shagona za su kai sefa miliyan 7, ina bin mutane bashin miliyan 1.5. Gidana na cin sefa 250,000 a wata, ina kuma aika wa Hajiya 50,000. Zuciyata ta karkata ga in sayar da komai in koma, in gina ɗakuna a gidanmu, in buɗe shago. Me kuke gani?

Wani ɗan kasuwa, Duwala

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya. Kiran uwa ba abin wasa ba ne, kuma ba mu ce kada ka amsa shi ba. Sai dai a wasiƙarka ka ɗaure abubuwa uku da igiya ɗaya: jinyar Hajiya, hanyar abincinka, da wurin da iyalinka za su kwana. Ba dole ba ne ukun su hau mota rana ɗaya, kuma yawancin waɗanda komawa gida ta karya, haɗa su suka yi.

Mu fara da kuɗin, tunda ka kawo adadi. Miliyan 7 ɗin nan farashin kaya ne a kan kanta, mai saye yana zuwa yana ɗaukar turmi ɗaya ɗaya. Ranar da maƙwabtanka na kasuwa suka ji za ka tashi, farashin ya sauya, don kowa ya san mai gaggawa ba ya ciniki. A ce ka yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, saura miliyan 5.6. Bashin da kake bi kuwa, kada ka sa shi a lissafi sai abin da ya shigo hannunka, domin wanda ke kauce maka alhali kuna layi ɗaya ba zai neme ka a Garwa ba. Ware abincin gida na wata shida, wato miliyan 1.5, saboda sabon shago ba ya ciyar da mai shi tun watan farko. Ka sake ware, a ce, sefa 600,000 na motar kaya, kuɗin motar mutum bakwai, shigar yara makaranta da gyaran inda za ku sauka. Abin da ya rage miliyan 3.5 ne. Rabin jarinka ke nan, ba ka aza bulo ko ɗaya ba.

Za ka ce ai rayuwar Garwa ta fi sauƙi. Haya ta fi sauƙi, nama da gero da gyaɗa ma haka. Amma akwai wani kashe kuɗi da ba ya bayyana sai ka sauka. Yau kana nesa, an san rabonka 50,000 ne a wata, ka tura ta Orange Money ko MTN, magana ta ƙare. Ranar da ka zama kai ne babba a ƙofar gida, suna da biki da asibitin ɗan ƙane da kuɗin makarantar ɗan ƙanwa da baƙon da ya kwana a zaure duk a kanka suke sauka, kuma ba ta waya ake roƙonka ba, ido da ido ne. Ga bashin dangi a shago: gwaggo ta ɗauki turmi uku na bikin 'yarta, wa zai bi ta? Ba mugunta ba ce, haka zumunci yake. Maganinsa tsari ne tun ranar farko. Ka yanka wa kanka albashi daga shago, ka yanka wa hidimar dangi adadi sananne a wata, jari kuma ya zauna a asusun da ba ya cikin wayar aljihunka. In kason dangi ya ƙare ranar 20 ga wata, ya ƙare. Wanda bai iya faɗin wannan da fara'a ba, shekara biyu ta ishi jarinsa ya narke.

Sai ita sana'ar. Kada ka ɗauka abin da ke tafiya a Kasuwar Kongo shi zai tafi a babbar kasuwar Garwa. A Duwala kana kusa da tashar jiragen ruwa, masu albashi kuma na saye kowane ƙarshen wata. A Garwa za ka yi gogayya da kayan da ke shigowa daga Najeriya ta hanyar Yola da Mubi, da 'yan kasuwar da suka san Kantin Kwari na Kano kamar tafin hannunsu, ga faɗuwar naira ta sa kayan can sun yi araha ga mai sefa. Kuɗin Arewacin Kamaru kuma da lokacinsa yake zuwa. Yana yawo bayan kaka, in an sayar da gyaɗa da masara, da lokacin da kamfanin Sodecoton ke biyan manoman auduga, sai kuma gab da salla. Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kowa ya zuba abin hannunsa a gona, za ka iya wuni ba ka auna yadi goma ba.

Abin da kake da shi wanda ɗan kasuwar Garwa ba shi da shi, sanin Duwala ne: dillalai, masu sito, direbobi, da wanda ke biya da wanda ba ya biya. Wannan shi ne jarin da bai kamata ka yar ba. Albasa, gyaɗa, wake da riɗi suna sauka Kudu daga Arewa, kuma mai ƙafa ɗaya a kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ranar Lahadi, ɗaya a Kasuwar Sandaga ta Duwala, ya fi mai zaman shago damar juya kuɗi. Sai dai kowace haja da haɗarinta. Albasa takan yi arha lokacin girbinta na rani, ta yi tsada bayan damina, shi ya sa kowa ke sha'awar ajiye ta. Amma tana ruɓewa in an tara ta a ɗaki marar iska ko an cire ta ba ta bushe ba, tana kuma raguwa a nauyi. Wake kuwa ƙwari ke cinye shi in ba a buhu mai leda biyu ko ganga mai murfi aka zuba shi ba. Fara da buhu ashirin, kada ka fara da tirela.

Don haka shawararmu kada ka rufe shagon Duwala a bana. Ka bar shi a hannun yaron da ka yarda da shi, a ƙirga kaya turmi turmi a rubuce gaban shaidu biyu, a yanka masa kasonsa na riba a fili, a kuma sa ranar lissafi duk wata uku. In ka ga rufewar ce dole, duba takardar hayar shagon. A dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, hayar shagon da ba a yanka mata wa'adi ba, mai son fita yana ba da sanarwa wata shida kafin lokaci. Wanda ya kulle ya tafi ba sanarwa, kuɗin ajiyarsa ya tafi, wataƙila har a bi shi haya. Ka kuma je ofishin haraji ka sanar da sauyin wuri. Lambarka ta NIU, wato lambar shaidar mai biyan haraji, tana bin ka duk inda ka je, in ba ka rufe fayil ɗin can ba haraji zai yi ta taruwa da sunanka.

Yanzu maganar da muka fi jin tsoro a wasiƙarka: gina ɗakuna a gidan gado. Alhaji, kada ka aza tubali a filin da ba a raba ba. Gidan nan na mutum takwas ne. Hajiya na da tumuninta, sauran kuma na ku bakwai, namiji rabon mata biyu. Yau kowa zai ce maka gina mana, ai gidanka ne. Bayan shekara goma, in ɗaya daga cikinku ya rasu 'ya'yansa suka zo neman rabon ubansu, ko mijin wata ƙanwa ya matsa a sayar, ginin da ka kashe wa miliyoyi zai shiga cikin abin da za a raba, kai kuma ba ka da takardar da ta ce naka ne. A tara magada, a kira malamin da ya san rabon gado, a yi wa gidan kuɗi, kowa ya san kasonsa a rubuce. Sannan a je kotu a karɓo hukuncin tabbatar da magada, wanda ake kira jugement d'hérédité, don da shi ne hukuma ke sanin su wa ke da hakki. In 'yan'uwa sun yarda ka sayi kasonsu, ka biya, a rubuta. In ba su yarda ba, ba faɗa, ka nemi fili a wani wuri.

In fili za ka saya, ka san cewa tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, takardar da ake kira titre foncier ita kaɗai ce shaidar mallaka a idon hukumar Kamaru. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu tana da amfaninta, tana nuna unguwa ta san da cinikin, amma ba ta hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Filin da ke da titre foncier kuwa ba a cinikinsa sai a gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da ciniki, in ba haka ba cinikin ɓatacce ne a doka. Karɓi lambar takardar, ka je ofishin ajiyar takardun filaye ka tabbatar sunan mai sayarwa ne a kai, kuma ba a jinginar da filin a banki ba. Ka je ka ga filin a watan Agusta, ba a Fabrairu ba. Wurin da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki da damina, musamman gefen fadamar Binuwai. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 ba sa bukatar a tuna musu.

Shekarar farko dai ka kama haya kusa da Hajiya, inda za ka taka da ƙafa ka gaishe ta safe da yamma. Wannan ya kawo mu ga mutumin da ba ka ambaci ra'ayinsa ba ko sau ɗaya, wato uwargidanka. In an ce ɗa ya dawo jinyar uwa, a aikace wanka da girki marar gishiri da tashin dare a hannun matarsa suke faɗawa, shi yana kasuwa. Matar da ta yi shekara 17 tana da tukunyarta ita kaɗai, a mayar da ita tsakar gida ɗaya da faccaloli da dangin miji, ba ƙaramin abu ba ne. Wurin zama nata na kanta hakkinta ne a shari'a, hidimar suruka kuwa kyautatawa ce da ake nema da lalama. Ka zauna da ita kafin ka zauna da kowa. In tana da adashi ko 'yar sana'arta a New Bell, a lissafa da su, don su ma tashi za su yi.

Ita Hajiya, me take bukata takamaimai? Mai hawan jini yana bukatar maganin da ba ya yankewa, awo a kai a kai, rage gishiri da dunƙulen miya, da mutum ɗaya tak da aka ɗora wa alhakin maganin. Inda abin ke lalacewa shi ne a sha magani sati biyu, a ji sauƙi, a ajiye, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Na'urar awo ta hannu, littafin da ake rubuta awon kullum, da jika ko 'yar'uwar da ke kwana a ɗakinta, waɗannan za ka iya tsara su a zuwa ɗaya. In kuma kewarka ce ke damunta, wannan ba na'urar da ke maganinta, sai ganin ido.

Saboda haka ka yi gwaji kafin ka yanke. Ka je kai kaɗai ka yi wata biyu, ka kuma zaɓi Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya, wuta na yawan ɗaukewa. Zuwan salla na kwana biyar, ana yanka maka kaza, ba ya nuna maka garin. Ka riƙa zama a kasuwa, ka rubuta duk abin da ka kashe, har wanda ka bayar a zaure. Ƙarshen wata biyun ka duba abu biyu: nawa zaman ya ci, kuma yaya shagon Duwala ya yi ba ka nan.

In lissafin ya fita, lokacin ɗaukar iyali shi ne babban hutu, Yuli zuwa Agusta, don yara su shiga aji a Satumba. Yaron da ke ajin jarrabawa, CM2 ko troisième ko première ko terminale, a bar shi ya gama inda aka yi masa rajista. Karɓo wa kowane yaro takardar shaidar makaranta da littafin sakamakonsa, ka riƙe takardun haihuwa na asali a jakar hannunka, kada su shiga motar kaya. In akwai mai karatu a sashen Ingilishi, ka samo masa gurbi tun kafin ku taso, don makarantun sashen ba su da yawa a Arewa kamar a Duwala. Yaran da suka tashi da Hausa da Faransanci za su tarar Fulatanci ne harshen titi da kasuwa. Ƙanana kan kama shi cikin 'yan watanni, manyan ne ke shan tsokana. Tunda da damina za ku sauka, gidan sauro ya riga ku shiga ɗaki, 'yan ƙasa da shekara biyar kuma a ba su maganin rigakafin zazzaɓin da ake rabawa gida gida wata wata a lokacin.

Kaya kuwa, tafiyar ta haura kilomita 1,300 ta Yawunde, Bertuwa, Garwa-Bulai, Meiganga da Ngaundere, ga gangaren dutsen da ke bayan Ngaundere. Gado da kabad na katakon gari ba sa isa da rai, a sayar da su a can. A ɗauki keken ɗinki, firji, katifu da kayan kicin, a rubuta jerinsu kwafi biyu direba ya sa hannu, rabin kuɗin mota a biya sai kaya sun sauka. Iyali su bi jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, daga nan mota ta ƙarasa da su kusan kilomita 280 zuwa Garwa.

Tambaya ta biyu

Ni direba ne a wani kamfani a Duwala, shekarata 44, an yi shekara 12 ana cire mini kuɗin CNPS, asusun fanshon ma'aikata. Ina so in ajiye aiki in koma garinmu kusa da Mora in yi noma. Kuɗin da aka cire mini ya tafi ke nan?

Wani direba, Bonaberi

Amsa

Malam, bai tafi ba, amma in ka tashi yanzu ba shiri za ka rasa mafi tsokarsa. Fanshon tsufa na CNPS yana da sharuɗɗa: shekara 60 da haihuwa, shekara 20 da yin rajista, da wata 180 na zubi, kuma 60 daga cikinsu su faɗo a shekaru goma na ƙarshe kafin fansho. Kai kana da wata 144, saura 36. Wanda bai cika 180 ba, dunƙulen kuɗi ake ba shi sau ɗaya, ba fanshon da zai riƙa karɓa har ƙarshen rai ba. Sharaɗin wata 60 ɗin nan shi ne ramin da mutane ba sa gani. Ko ka ƙara shekara uku ka cika 180 kana ɗan 47, in ka daina zubi daga nan, shekaru goman ƙarshe za su zo babu komai a cikinsu.

Mafita ita ce inshorar sa-kai da aka buɗe tun 2014. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka riƙa zuba kashi 8.4 cikin ɗari, wato kasonka da na mai aiki a haɗe. In ka faɗi sefa 100,000, zubinka 8,400 ne a wata, kuma ana iya yi daga ofishinsu na Marwa. Kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, je ka karɓo bayanin zubinka ka ƙirga watannin da idonka. Yakan faru a cire wa ma'aikaci a takardar albashi amma kuɗin bai isa asusun ba, kuma gyaran wannan ya fi sauƙi kana cikin kamfanin. Ka adana takardun albashinka duka, ka karɓi takardar shaidar aiki, ka cika wa'adin sanarwa. Ka kuma sani wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama irin na wanda aka sallama.

Game da wurin, kusa da Mora magana ce mai faɗi. Cikin garin daban, ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Kolofata da Amchide daban, inda hare-haren Boko Haram suka tashi mutane da yawa daga gonakinsu. Tambayar da za ka yi wa 'yan'uwa ba ita ce ko lafiya ba, don za su ce lafiya lau. Tambaye su: a ƙauyen ake kwana ko wuni kawai ake yi a koma gari? Makaranta a buɗe take da malamai a ciki? Ƙarfe nawa motar ƙarshe ke wucewa? Mutumin da ya dawo daga Kudu ana ɗaukarsa mai kuɗi ko ba shi da ko dala, don haka kada ka sauka da sabon babur da buhunan siminti. Da yawa sukan ajiye iyali a Marwa, mai nisan kusan kilomita 60 daga Mora, su riƙa zuwa gona. Gonar ma, in shekara 12 wani ɗan'uwa ke nomanta, ba za ka karɓe ta da sallama ɗaya ba. A yi maganar da rani a gaban dattawa, kafin ya yi shara ya zuba taki.

Tambaya ta uku

Ni malamar makarantar gwamnati ce a Yawunde, mijina ya koma Ngaundere da aiki, iyayena ma suna can. Na nemi canjin wuri shiru. In bi shi kawai, takarda ta same ni a can?

Wata malama, Birkitiri

Amsa

Malama, kada ki yi haka. Ma'aikacin gwamnati da ya bar wurin aikinsa ba takarda ana rubuta shi a wanda ya gudu daga aiki. Albashi ake fara tsayarwa, kuma dawo da shi ya fi neman canjin wahala nesa ba kusa ba. Ki sake shigar da buƙatar a kan dalilin haɗa iyali, ta hannun shugaban makarantarku zuwa sama, ki haɗa da takardar aure ta magajin gari, da shaidar cewa maigidan yana aiki kuma yana zaune a Ngaundere. Nan ne da yawa ke tuntuɓe: auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai, ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, ba ya shiga fayil. In naku haka yake, ku fara da wannan. Ki riƙe kwafin duk abin da kika miƙa mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata, ki kuma shigar da wuri, don canjin malamai yawanci kafin komawa makaranta ake fitar da shi. In takardar ta fito, ki karɓi shaidar barin aiki a tsohuwar makaranta, ki yi ta kama aiki a sabuwar cikin kwanakin da aka ba ki, sannan ki ɗauko yara.